Kafin a kori kocin da ke cin wasa tara, a tambayi Nebraska

Abin da ya faru a jami'ar Penn State ta Amurka a watan Oktoban 2025 ya tsaya mini a rai. A watan Janairun shekarar, ƙungiyar ƙwallon jami'ar tana cikin huɗun ƙarshe na gasar ƙasa baki ɗaya, kuma da ƙyar Notre Dame ta fitar da ita, 27 da 24, ana saura daƙiƙu a tashi. Bayan wata tara kacal sai ga magoya baya a filinsu suna ɗaga murya a kori koci James Franklin. An ci su wasa uku a jere, Oregon da UCLA da Northwestern. Washegarin na ukun, ranar 12 ga wata, aka sallame shi. Mutum ne da ya ci wa jami'ar wasa 104, ya ɗauko mata kofin rukunin Big Ten (ɗaya daga cikin rukunan da aka kasa jami'o'i) a 2016, kuma sau shida yana kammala kaka da nasara goma ko fiye.

Ni dai ban yarda da irin wannan kora ba. Kocin da yake kawo nasara tara ko goma kowace shekara, yaransa suna karatu, ba a kama shi da maguɗi ko cin zarafi ba, bai kamata a sallame shi don kawai bai ɗauko kofin ƙasa ba. Sharaɗi biyu ne za su sa in sassauta: a ce wanda zai gaje shi yana hannu tun kafin a yi korar, kuma jami'ar tana da abin da ake cin kofi da shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a auna kocin da ke kan kujera da wanda ake mafarkin samu, alhali wanda ya dace a auna shi da shi, shi ne wanda zai yarda ya zo.

Ga wanda bai saba da harkar ba: wannan ƙwallon Amurka ce mai kama da zari-ruga, ta hannu da gwabza ƙirji, kuma ɗaliban jami'a ne ke buga ta. Filin Penn State yana cin mutum sama da dubu 106. Ƙungiyoyi sun haura 130 a babban mataki, kowacce tana buga wasa goma sha biyu a kaka kafin wasannin ƙarshen shekara. Ke nan wanda ya ci tara, ya ci uku cikin kowane huɗu. Kofin ƙasa kuwa guda ɗaya ne.

Sau biyu Nebraska ta gwada

Jami'ar Nebraska da ke birnin Lincoln ta ci kofin ƙasa sau biyar: 1970, 1971, 1994, 1995 da 1997. Jiha ce mai mutum wajen miliyan biyu, ta masara da shanu, ba ta da babbar ƙungiyar ƙwararru, don haka ƙungiyar jami'a ita ce ta kowa. Tun 1962 tikitin wasan gida ba ya kwantai. Ranar Asabar filin yakan cika maƙil da jajayen riguna, har yawan mutanen cikinsa ya zarce na kowane gari a jihar in ban da Omaha da Lincoln.

Da koci Tom Osborne ya yi ritaya bayan kofin 1997, mataimakinsa Frank Solich ya karɓa. Cikin shekara shida Solich ya ci wasa 58, aka ci shi 19. Ya ɗauki kofin rukunin Big 12 a 1999, ya kai wasan ƙarshe na ƙasa a kakar 2001, inda Miami ta doke su. A 2002 ya yi tuntuɓe, bakwai da bakwai. Sai ya sauya mataimakansa, ya dawo a 2003 ya ci tara cikin goma sha biyu. A nan ne daraktan wasanni Steve Pederson ya kore shi, yana cewa ba zai zuba ido ƙungiyar ta koma ta ya-ku-bayi ba.

Pederson ba shi da kowa a hannu. Aka kwashe wajen kwana arba'in ana lalube, waɗanda aka nema suna zillewa, daga ƙarshe aka ɗauko Bill Callahan wanda ƙungiyar ƙwararru ta Oakland Raiders ta sallama. Ya zo ya rushe salon gudu da ƙwallo da Nebraska ta yi shekaru tana ɗaukar 'yan wasa dominsa, ya kawo salon jifa. Yaran da ke ƙasa ba don wannan aka ɗauko su ba. A kakarsa ta farko, 2004, an ci su shida sun ci biyar, karo na farko tun 1961 da rashin nasara ya rinjayi nasara. Tarihin shekara 35 a jere na zuwa wasan ƙarshen kaka, wanda ake gayyatar ƙungiyoyin da suka taka rawar gani, ya yanke. A 2007 Kansas ta zura musu maki 76. Shekarar nan aka kori Pederson, aka bi da Callahan.

Sai Bo Pelini ya zo a 2008. Kaka bakwai ya yi, kuma babu wadda ya ci ƙasa da wasa tara. A ƙarshen Nuwamban 2014, yana da tara da uku kamar Solich, sabon darakta Shawn Eichorst ya sallame shi bisa hujjar ba sa cin wasannin da suka fi muhimmanci.

Mike Riley da ya gaje shi ya tashi 19 da 19 cikin shekara uku. Bayansa aka kawo wanda kowa ke kira, Scott Frost, ɗan jihar, wanda ya jagoranci 'yan wasa a fili lokacin kofin 1997, kuma ya fito daga jami'ar UCF inda ya ci wasa goma sha uku ba a doke shi ko sau ɗaya ba. In akwai ɗaukar koci da ba wanda zai soka a lokacin, wannan ce. A Nebraska ya ci 16, aka ci shi 31. A Satumban 2022, bayan Georgia Southern ta zo har gida ta ci su 45 da 42, aka kore shi da diyyar dala miliyan 15, ba a ma iya jira zuwa 1 ga Oktoba ba, ranar da kuɗin zai ragu da rabi.

Daga 2017 zuwa 2023, kaka bakwai a jere, Nebraska ba ta ga shekarar da nasara ta fi rashin nasara ba. Cikin shekara goma da suka biyo bayan Pelini, sau ɗaya tak ta sake cin wasa tara. Kofin rukuni na ƙarshe da take da shi har yau na Solich ne. Shi kuwa ya koma jami'ar Ohio, ƙarama, ya zauna daga 2005 zuwa 2020, ya ci wasa 115, fiye da kowane koci a tarihin rukuninsu. Garin neman gira aka rasa ido, kuma aka maimaita.

"Ai ba ya cin manyan wasanni"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba ƙarya ba ce. Franklin ya haɗu da ƙungiyoyin da ke goman farko a ƙasar sau 25, ya ci huɗu. Na Pelini ma ya fi ciwo, don in an ci shi ba a ci shi da daɗi. A wasan kofin Big Ten na 2012 Wisconsin ta ba su 70 da 31. A Nuwamban 2014 suka je Madison, gidan Wisconsin, suka fara jan ragama 17 da 3, sai wani yaron Wisconsin, Melvin Gordon, ya shiga keta su. Sau 25 aka miƙa masa ƙwallo, ya yi gudun yadi 408, dusar ƙanƙara na zuba, masu tsaron Nebraska suna kai hannu suna kama iska. Ko zango na huɗu, wato na ƙarshe, bai buga ba, an zaunar da shi don an gama. Aka tashi 59 da 24. Duk wanda ya kalli wannan yana son ƙungiyar, dole zuciyarsa ta ce a canza.

Amma a duba wani wasan na Pelini. Disamban 2009, wasan kofin Big 12, Nebraska na gaban Texas 12 da 10. Agogo ya buga sifili, 'yan Nebraska sun ruga cikin fili suna murna. Alƙalai suka koma suka duba hoton bidiyo, suka mayar da daƙiƙa ɗaya kan agogo. Texas ta yi bugun maki uku ƙwallo ta shige, 13 da 12. Da daƙiƙar nan ba ta dawo ba, da Pelini yana da kofi, da kuma maganar "ba ya cin babban wasa" ta rasa rabin ƙarfinta. Manyan wasanni kaɗan ne a shekara, biyu ko uku, kuma da yawansu a kan bugu ɗaya suke juyawa. Yanke wa mutum hukuncin cewa ya kai iyakarsa a kan wasanni 'yan ƙalilan irin haka akwai ganganci a ciki.

Kuma mutanen Nebraska su ne ya kamata su fi kowa sanin wannan. Osborne da suke ji da shi ya karɓi ƙungiyar a 1973. Oklahoma ta ci shi sau biyar a jere da farawarsa. Daga baya ya yi rashin nasara a wasan ƙarshen kaka sau bakwai a jere. Duk abin da aka faɗa a kan Solich da Pelini da Franklin an faɗa a kansa: mutumin kirki ne, yana cin tara, amma ba zai iya da manya ba. Sai a kakarsa ta 22 ya ɗauki kofin farko. A shekaru biyar na ƙarshe ya ci wasa 60, aka ci shi uku. Da an yi masa awon da aka yi wa Solich, da kofuna uku cikin biyar ɗin nan babu su.

Ba tsohon labari kaɗai ba ne. Jim Harbaugh, lokacin yana kocin jami'ar Michigan, ya sha kashi a hannun Ohio State sau biyar a jere, a 2020 kuma ya ci biyu aka ci shi huɗu. Jami'ar ba ta kore shi ba. Ta zaftare kusan rabin albashinsa, shi kuma ya sauya mai kula da tsaron gida da wasu mataimaka. Ƙungiyarsa ta ci Ohio State shekara uku a jere, ta ɗauki kofin ƙasa na kakar 2023. Akwai badaƙalar satar alamun abokan karawa da ta ɓata wannan zamani, har hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ci tarar jami'ar, kuma ba na wanke su daga ita. Abin da nake nunawa shi ne akwai matakai tsakanin a zuba ido da a kora: a rage albashi, a ɗaura shi kan sakamako, a tilasta sauya mataimaka. Da wuya ka ji magoya baya suna kiran waɗannan, domin ba su da daɗin rerawa a fili.

To Jojiya fa?

Duk wanda ke son a yi kora da jami'ar Jojiya yake kafa hujja, kuma yana da gaskiyarsa. Mark Richt ya yi shekara goma sha biyar a can, ya ci 145 aka ci shi 51, da kofin rukunin SEC biyu, 2002 da 2005. Aka rabu da shi a ƙarshen 2015 yana da tara da uku. Kirby Smart ya gaje shi, ya kai wasan ƙarshe a shekararsa ta biyu, ya ɗauki kofin ƙasa a kakar 2021, na farko tun 1980, ya sake ɗauka a 2022 ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba. Wannan kora ta yi riba, ba na musu.

Sai dai a kalli yadda aka yi ta. Smart tsohon ɗan wasan Jojiya ne, ya yi shekaru yana kula da tsaron gidan Alabama a ƙarƙashin koci Nick Saban, ya san yadda ake gina ƙungiyar da ke cin kofi tun daga ɗakin motsa jiki har ofishin farautar 'yan wasa. Cikin mako guda da tafiyar Richt aka sanar da shi. Babu lalube. Sannan jami'ar ta buɗe bakin aljihu ta gina masa abin da ya nema.

Abu na biyu shi ne ƙasar. Jami'a ba ta sayen ɗan wasa daga wata nahiya yadda kulob ɗin Turai ke yi. Koci ne ke bin makarantun sakandare, ya shiga falon gidan yaro ya zauna da uwa da uba, ya ci abincinsu, ya yi musu alkawarin zai riƙe ɗansu amana. Yawancin iyaye kuma sun fi son inda za su iya tuƙa mota su je kallo. Jihar Jojiya tana da mutum wajen miliyan goma sha ɗaya, kuma kewayen Atlanta na cikin wuraren da suka fi fitar da zaratan 'yan wasa a Amurka. Richt yana zaune a fadama yana girbin tudu, shi ya sa tambayar ko wani zai fi shi ta halatta. Kocin Nebraska kuwa a tudun yake, dole ya hau jirgi zuwa Texas ko Kalifoniya ko Florida ya lallashi yaro ya bar ɗumin garinsu ya zo inda sanyi ke ratsa ƙashi. Wanda ya ci tara a irin wannan wuri, mai yiwuwa ya riga ya tatso abin da wurin zai iya bayarwa, har da ƙari.

Jami'o'in da ke da irin abin da Jojiya ke da shi ba su da yawa. Waɗanda ke ɗaukar kansu a matsayin Jojiya kuwa sun ninka su. Tennessee ma ta ɗauka haka lokacin da ta raba gari da Phillip Fulmer a 2008, mutumin da ya ci mata kofin 1998. Lane Kiffin ya yi shekara ɗaya ya tsallake zuwa USC, Derek Dooley ya ci 15 aka ci shi 21, aka yi ta jeka-ka-dawo fiye da shekara goma.

Wasu kan kawo Indiana, inda Curt Cignetti ya ci wasa goma sha ɗaya a shekararsa ta farko, 2024. Wannan ba ya cikin maganarmu. Kocin da ke kai kafin shi ya ci tara ne cikin shekarunsa uku na ƙarshe gaba ɗaya. Wanda ba shi da komai a hannu, caca ba ta cinye masa komai.

Kuɗin, da yaran

Diyyar da kwantiragin Franklin ta tanada ta kai wajen dala miliyan 49, ko da yake an sasanta an rage ta sosai bayan ya samu aiki a Virginia Tech. Texas A&M ta ɗauki nauyin sama da miliyan 75 don rabuwa da Jimbo Fisher a 2023. A kan ce ai attajiran tsofaffin ɗalibai ne ke biya, ba kuɗin makaranta ba ne. To amma aljihun attajiri ma yana da ƙasa. Tun Yulin 2025 an yarda jami'a ta riƙa biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a duk wasanninta. Ke nan kuɗin sallamar mutum ɗaya yana iya ninka abin da za a raba wa ɗaruruwan yara. A zamanin da kuɗi ke riƙe ɗan wasa, duk dalar da aka ba kocin da ya tafi an cire ta ne daga hannun wanda zai zo. Kuma ba shi kaɗai ake biya ba: akwai mataimakansa, akwai diyyar da za a ba jami'ar da za a ɗauko sabon daga cikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran. Tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya jami'a ba tare da ya zauna shekara guda a benci ba. Wannan haƙƙinsu ne, kuma na goyi bayansa. Amma yana nufin ranar da aka kori koci, ƙungiyar da ya gina tana iya watsewa cikin makonni. A Penn State an yi kusan wata biyu ana neman magaji kafin a samu Matt Campbell daga Iowa State, kuma kafin nan akasarin ɗaliban sakandaren da suka yi alkawarin zuwa sun janye, wasunsu suka bi Franklin. Campbell koci ne nagari, ina yi masa fatan alheri. Sai dai abin lura, an yabe shi ne a kan irin abin da aka kori Franklin dominsa: ɗorewa a kan nasara mai kyau, ba tare da kofin ƙasa ba.

Manyan taurari za su samu wurin zuwa. Wanda nake tunani shi ne yaron da ke tsakiyar jeri, ɗan aji uku, wanda sabon koci zai duba ya ce salonsa bai dace da nasa ba. In ya tafi, ba lallai sabuwar jami'a ta amince da duk darussan da ya ci ba. In ya zauna, benci. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu za su shiga gasar ƙwararru ta NFL. Sauran digirin nan ne abin da za su fita da shi, kuma mutumin da ya zauna a falonsu ya yi wa mahaifiyarsu alkawari an sallame shi a tsakiyar kaka.

Inda zan ce a kora

Ba cewa nake kujerar koci gado ce ba. In yana rufa wa masu cin zarafi asiri, ko yana wasa da lafiyar yara, ko ana maguɗi da saninsa, a kore shi ko da bai taɓa faɗuwa wasa ba. In nasara tana raguwa shekara bayan shekara, ɗaukar sabbin 'yan wasa yana ja baya, an ba shi dama ya sauya mataimaka ya ƙi ko ya sauya ba ta canza zani ba, nan ma lokaci ya yi. Wannan gangara ce, kuma ta bambanta da wanda ya tsaya cak a kan tara.

Pelini kansa yana da matsalar da ta wuce sakamako. Mutum ne mai zafin rai, ana ganinsa a talabijin yana yi wa alƙalai da 'yan wasansa tsawa, kuma a 2013 aka fitar da wani faifan murya da yake zagin magoya baya. Da jami'ar ta fito ta ce halinsa ne ba za ta iya ɗauka ba, da na fahimta, ko da ƙungiyar za ta yi rauni. Jami'a tana da ikon ta ce mutuncinta ya fi wasa tara. Amma ba haka aka ce ba. Kofi aka yi wa mutane alkawari, aka kawo Mike Riley, kocin da a shekararsa ta ƙarshe a Oregon State ya ci biyar aka ci shi bakwai.

Saboda haka duk daraktan da ya zo wa shugabannin jami'a da takardar korar kocin da ke cin tara, a sa shi ya faɗi sunan magaji a cikin ɗakin, ya nuna cewa mutumin ya amsa. Ya faɗi abin da jami'ar za ta ba sabon wanda ta hana tsohon, kuɗin 'yan wasa ne ko na mataimaka ko gine-gine, in kuma akwai shi, ya bayyana dalilin da ya sa ba a fara gwada ba wa na yanzu ba. Sannan a rubuta a kwantiraginsa cewa kujerarsa tana ɗaure da ta wanda ya kawo. Pederson ya tafi a 2007, Eichorst ya tafi a 2017, kowannensu cikin shekara huɗu da korar da ya yi, amma sai bayan ɓarnar ta auku. Da tun ranar farko sun san da wannan sharaɗi a rubuce, ina kyautata zaton da sun ƙara wa Solich da Pelini shekara guda.